RTX 3060 mai 12GB ko RTX 4060 mai 8GB: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, ina tacewa a kwamfutar tebur, da daddare kuma nakan ɗan buga gem. Na je Computer Village a Ikeja neman katin girafik, wato na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta, wani mai shago ya ce in ɗauki RTX 3060 tokumbo, wato na hannu, saboda yana da memori 12GB, wani ya ce sabon RTX 4060 ya fi duk da 8GB ne. Yaya za a yi sabon kati ya fi tsoho alhali memorinsa bai kai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowane cikin masu shagon nan biyu ya faɗa maka wani ɓangare na gaskiya, sai dai ba wanda ya tambaye ka irin bidiyon da kake tacewa, kuma a nan amsar take.

Bari mu fara da abin da ke cikin katunan. Nvidia ta fitar da RTX 3060 a watan Fabrairun 2021 a kan dala 329, cikin jerin 30 da ake kira Ampere. Yana da ƙwayoyin CUDA, wato ƙananan injinan lissafi na cikin katin, 3,584, memori 12GB, faɗin hanyar memorin bit 192, yana jan wuta wat 170. Shi kuwa RTX 4060 ya fito a watan Yunin 2023 a kan dala 299, ɗan jerin 40 ne, wato Ada Lovelace. Ƙwayoyinsa 3,072, memori 8GB, hanyar bit 128, wutarsa wat 115 kacal. Duk wanda ya kalli waɗannan lambobi zai ce an koma baya, domin kusan komai ya ragu.

Abin da ba a cika rubutawa a jikin kwali ba shi ne ma'ajiyar kusa da ke cikin cif ɗin kansa, wadda ake kira L2. A 3060 ba ta wuce 3MB ba, a 4060 kuwa ta kai 24MB. Ɗauka kamar ɗan kasuwa ne a Mile 12 da ya faɗaɗa kantarsa: yawancin abin da mai saye zai nema yana gabansa, ba sai ya riƙa aika yaro sito ba, don haka ko hanyar siton ta yi ƙunci ba ta cika tsayar da ciniki ba. Ga shi kuma cif ɗin 4060 yana gudu da sauri fiye da na 3060. Shi ya sa a gem, a kan allon 1080p, 4060 yakan wuce 3060 da wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Yana da DLSS 3 mai ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi, abin da jerin 30 ba su samu ba. Idan gem ne kawai a gabanka, magana ta ƙare, 4060 za ka ɗauka.

Amma kai abincinka a tace bidiyo yake, kuma a nan ma'ajiyar kusa ba ta maye gurbin yawan memori. Matuƙar aikin bai cika 8GB ba, katin zai yi ta gudu lafiya. Da zarar ya cika, sai ya fara aron memorin kwamfutar, wanda ya fi nasa jinkiri nesa ba kusa ba, nan take hoto ya soma tsinkewa. A manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve ma yakan fito maka da saƙo cewa memorin katin ya cika, ya tsayar da fitar da aikin. Wannan ya fi faruwa ga mai tace 4K yana ɗora gyaran launi da rage ƙurar hoto, irin wadda ke bayyana a bidiyon dina idan zauren ba haske sosai. In haka aikinka yake, ni 12GB ɗin zan zaɓa ko da katin ya ɗan fi jinkiri. In kuwa a 1080p kake ɗauka, kana yankawa ka ɗora kiɗa da rubutu ka tura wa iyayen amarya ta WhatsApp, 8GB ya ishe ka har da saura.

Akwai abin da masu kyamarorin Sony da Canon na zamani ke cin karo da shi. Idan kana ɗauka da tsarin 10-bit 4:2:2, mai adana launi da yawa, duka katunan nan biyu ba sa warware shi da kansu, furosesa ke ɗaukar nauyin, sai a jerin 50 Nvidia ta ƙara wannan. Kada ka sayi kati da tsammanin zai magance tsinkewar irin wannan bidiyon. Yi ƙananan kwafin bidiyon marasa nauyi, waɗanda ake kira furoksi, ka tace da su.

Sai batun wuta, wanda mazaunin Legas bai isa ya tsallake ba. Bambancin wat 55 ne tsakaninsu. In ka yi aiki awa takwas kullum katin yana kan cikakken ƙarfi, a wata bai wuce yunit 13 da ɗoriya ba, ko a Band A, rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, da yunit ya haura naira 200 kuɗin bai kai a ɗaga hankali ba. Inda za ka ji shi a jika shi ne batirin inbata lokacin da aka ɗauke wuta, da zafin da katin ke hurowa a ɗaki mara iyakwandishan a watan Maris. Nan 4060 ya yi fice ƙwarai. Fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, mai wat 550 ya wadatar da kowanne, muddin na kirki ne. Don Allah kada ka kashe dubban ɗaruruwa a kati sannan ka haɗa shi da fawa-fak mara suna.

Idan ka tsaya a kan 3060 tokumbo, to buɗe ido. Jerin 30 sun fito daidai lokacin da ake rububin haƙar kuɗin intanet na Ethereum da irin waɗannan katunan, da aka daina haƙar da kati a Satumbar 2022 sai aka kwararo su kasuwa, wasunsu sun yi watanni suna aiki dare da rana. Kafin ka biya, sa a ɗora shi a kwamfuta a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati ka tabbatar an rubuta 12GB da bit 192, domin akwai 3060 mai 8GB da bit 128 da aka fitar daga baya, ya fi rauni, kuma sunan iri ɗaya ne. Kunna manhajar FurMark mai gwada ƙarfin kati ka bar shi kamar minti ashirin, idonka a kan zafi da allon. Ɗigon launuka, walƙiya ko ɗaukewar hoto, duk wanda ka gani ka ajiye katin. Kasa kunne kusa da fankokin ko akwai mai karkarwa. Juya bayansa ka duba sukurorin: in kansu ya cinye an sha kwance shi, in akwai tsatsa a bakin HDMI ya daɗe a wuri mai danshi. Sannan a rubuta maka lambar katin da kwanakin garanti a rasit, ko da mako biyu ne, ka yi amfani da su wajen fitar da aikin biki guda cikakke a kansa.