Injin espresso na ta ɗura ruwa ba ya tsayawa

Malam, ka ce famfon injinka na ta cika tukunya har ruwa na fitowa ta bututun tururi. Kafin ka sayi sabon sensa mai gane cikar tukunyar, fara duba tsohon. Siririn ƙarfe ne da ke soke ta saman tukunyar, yana gane ruwa ne ta 'yar wutar da ke bi ta cikinsa. In farin gishirin ruwa ya lulluɓe shi, shi ke nan ya kurumce.

Cire filogi, bari tukunyar ta huce sarai, ka saki tururin. Kwance sensan ka jiƙa a ruwan khal, ka goge. In farar robar Teflon da ke jikin sensan ta tsage, canza shi, amma auna tsawon tsohon tukuna. Kuma kar ka zuba wa injin tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir (distilled), wuta ba ta bin sa, sensan ba zai gane shi ba.