Zuciyata na gudu, an ce damuwa ce: agogo zan saya ko eko zan yi?

Saƙonni sun taru a kan bugun zuciya wannan karon, na zaɓi guda huɗu, na cire sunaye kamar kullum.

"Assalamu alaikum, dan Allah a taimaka min da shawara. Shekarata 29, malamar firamare ce ni a Kano. Wata huɗu kenan ina fama da faɗuwar gaba, ina zaune ba abinda nake sai inji zuciyata fat-fat-fat kamar zata ɓallo ƙirjina, ga jiri ga kasala, ko bene na hau sai na tsaya na huta. Naje asibiti sau biyu, na farko akace taifot ce nasha magani ba sauƙi, na biyu akai min ECG, gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, akace lafiyata ƙalau damuwa ce in rage tunani. Wallahi ni nasan ba tunani bane. Yanzu na ɗau adashi, ƙawata tace in sayi agogon nan mai auna bugun zuciya, maigidana kuma yace gara muje asibitin kuɗi ai min eko, wato hoton zuciya. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya baki lafiya. Riƙe kuɗin adashinki tukuna, dan da agogon da ekon, duk ba sune farko ba.

Na farkon ma kyauta ne. In abin ya taso ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki, saitin ƙasan babban yatsa, ki ƙirga bugun na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Babban mutum in yana zaune yana hutawa tsakanin 60 ne zuwa 100 a minti ɗaya. Ki ware littafi ɗaya cikin na 'yan ajinki ki dinga rubutawa, ƙarfe nawa ya fara, me kike yi, bugu nawa kika samu, minti nawa ya ɗauka, sannan wanda yafi komai: farat ɗaya yake farawa ya kuma tsaya cak, ko a hankali yake hawa ya sauka a hankali? Wanda yake zuwa farat ɗaya ya haura 150 har kusan 200 sannan ya ɗauke kamar ba'a yi ba, yawanci daga hanyar lantarkin zuciyar ne, likitoci na ce masa SVT, kuma ana yawan ɗaukarsa a matsayin fargaba saboda kafin mutum ya isa gaban likita ya wuce. Wanda kuma yake wuni yana wasa tsakanin 105 zuwa 120, toh galibi zuciyar ba ita ce da laifi ba, wani abu ne a jikin yake korarta.

Kuma a mace mai shekarunki, ga kasala ga haki a bene, abinda zan fara zargi ƙarancin jini ne. Al'ada mai zuba da yawa, haihuwa kusa-kusa, maleriya, duk suna cinye jini, in jinin yayi ƙasa dole zuciya ta ƙara gudu dan iskar ta isa ko'ina. Ki ce ai miki PCV, gwajin yawan jini, in da hali a ƙirga jinin gaba ɗaya, in himoglobin ɗinki, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, yana ƙasa da 12 kin samu bakin zaren. Na biyu gwajin TSH, na halittar nan ta gaban wuya da in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. In tana aiki fiye da kima zaki ga mutum yana ci amma yana ramewa, ga zufa, hannu na rawa, barci ya ƙi, zafi kaɗan ya dame shi, kuma ba lallai wuyan ya kumbura ba. Ba kowane lab ke yi ba kuma yafi PCV tsada, amma ko an haɗa da gwajin suga da na ciki duk basu kai kuɗin agogon kirki ba.

Maganar taifot kuwa, in da gwajin Widal aka ce miki, shi wannan gwajin ya shahara da nuna taifot a jikin wanda bashi da ita, kuma taifot ta wata huɗu ba zazzaɓi ai da sake.

ECG ɗin da akai miki ba ƙarya yayi ba, sai dai abinda yake ɗauka bai wuce na daƙiƙa 10 ba. Kin san yadda mota take, ta wahalar da mutum a hanya, ana zuwa gaban bakanike ta tashi lafiya lau. Shi yasa akwai holta, 'yar na'ura ce da ake manna miki wayoyinta a ƙirji ki tafi gida da ita awa 24 ko 48, ki yi girkinki ki je makarantarki tana naɗe kowane bugu. Ki nemi a tura ki ɓangaren likitocin zuciya a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ki tambaye su ita, ki tafi da littafin nan naki. Wata dabarar kuma, ki gano asibiti mafi kusa da gidanku mai ECG tun yanzu, ranar da abin ya taso ya daɗe ki faɗa adaidaita a ɗauka yana cikin yi, wannan takardar ɗaya tafi goma na ranar da kike lafiya.

In kin lura tsayuwa ce ke tayar miki da shi, layin asambili ko tsayuwar wanke-wanke, ki gwada wannan da wani a kusa dake: ki kwanta minti 10 ki ƙirga, ki miƙe tsaye ki dinga ƙirgawa har minti 10. In ya ƙaru da 30 ko fiye ya ƙi sauka kuma ga jiri, ki nuna wa likita, akwai lalurar da ake kira POTS da haka take, kuma mata matasa tafi kamawa.

Damuwa fa tana sa bugun zuciya da gaske, ba zagi bane in likita ya faɗa. Amma ita ake faɗa a ƙarshe bayan an duba jini an duba wuya, ba a zaman farko ba.

Toh agogo. Masu arhar nan da ake tallarsu a Instagram da kasuwar waya, koren haske ne a bayansu yake ƙiyasta bugun, in kina motsi ko ya ɗan saki sai ya baki lambar da ya ga dama, wanda kuma akace yana auna suga ba tare da an huda yatsa ba ki bar musu kayansu, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ta gargaɗi mutane a kansu a 2024. Masu ECG na gaske su ne irin Apple Watch daga Series 4 na 2018 zuwa sama, banda SE, da wasu daga cikin Galaxy Watch na Samsung, ki ɗora yatsa daƙiƙa 30 ya zana miki ki ajiye ki kai wa likita. Amfaninsu ga wanda abin ke zuwa masa jefi-jefi ne, sau ɗaya a wata misali, yadda holtar kwana biyu bazata kama ba. In har ta kai ga haka kada ki biya sai mai shagon ya haɗa da wayarki ya buɗe ECG ɗin a gabanki, dan jabu sun yi yawa kuma ba a kowace ƙasa yake buɗewa ba. Ki kuma san halinki, in kina daga cikin masu duba hannu ƙarfe biyun dare, agogon ƙara miki zai yi. Eko shi surar zuciyar yake nunawa da ƙarfin matsawarta, baya kama gudun da ke zuwa ya tafi, a barshi sai likita ya nema.

"Barka da aiki. Tela ne ni a Damagaram, in aiki yayi yawa kwana nake a kan keke da shayi da Nescafé da lemun ƙara kuzari. Yanzu zuciyata bata barina barci. Wani abokina mai saida magani yace in sayi propranolol tana kwantar da ita. Ina da asma amma sai lokacin sanyi nake shaƙa Ventolin. In saya?"

A'a ɗan'uwa, kada ka saya, kada ma ka karɓa kyauta. Propranolol tana matse hanyar numfashi ga mai asma, ta kuma hana Ventolin ɗin da zai cece ka yin aiki yadda ya kamata, abokin naka ko bai san kana da asma ba ko bai san maganin ba. Shi kansa Ventolin yana sa zuciya gudu da rawar hannu, haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci. Ka lissafa abinda kake ɗurawa: iyakar kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, da ake ganin babba zai iya ɗauka a rana wajen miligiram 400 ne, ƙaramin gwangwanin Red Bull kaɗai yana da 80, ka ɗora shayi zagaye uku da Nescafé, in da goro ma ka sa, ga rashin barci. Ka rage a hankali cikin sati guda dan yankewa lokaci ɗaya na kawo ciwon kai, ka sha ruwa sosai, ka samu barci. In bayan sati biyu bata daina ba kaje ai maka ECG, in kuma akwai wata ƙwaya da kake sha dan ƙarfin aiki ka faɗa wa likita gaskiya, ba ɗan sanda bane.

"Malam matata ta haihu sati bakwai kenan. Zuciyarta na bugawa da sauri, bata iya kwanciya sai ta tara filo uku, da dare tana tari, ƙafafunta sun kumbura. Surukata tace jego ne zai wuce, wasu sunce iska ce a nemi mai ruƙiyya. Nace ko in sayi na'urar awon jini in dinga duba ta a gida? Daga Funtuwa."

Malam ka ajiye maganar na'ura, yau ɗin nan ka kaita asibiti, ba gobe ba. Abubuwan da ka lissafa alamun zuciyar da ta gaza ne, ruwa na taruwa a huhu shi yasa bata iya kwanciya, kuma akwai ciwon zuciya na bayan haihuwa da yankinmu na cikin wuraren da yafi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin ABU Zariya suka yi rubutu a kansa, har suka alaƙanta shi da wankan jego mai zafi da kunun kanwa, duk da binciken da ya biyo baya ya nuna ba su kaɗai bane dalili. A dakatar da kanwa da gishiri mai yawa yanzu. Nan ne eko yake da amfani, shi zai nuna ko zuciyar ta buɗe ta rage ƙarfi, kuɗin na'urar ka kai can. Da yawa suna samun sauƙi in an fara magani da wuri, amma maganar wani cikin sai da izinin likitan zuciya. Addu'a a cigaba da yi a gadon asibitin, ka lallaɓa Hajiya ku tafi tare ta ji da kunnenta.

Wannan ya shafi kowa ma: bugun zuciya da ya haɗu da ciwon ƙirji, ko suma, ko numfashi na ɗaukewa, ko kuma a danginku akwai wanda ya faɗi ya rasu yana matashi, ba'a jiran adashi.

"Babanmu shekararsa 68, yana da hawan jini, yana cewa zuciyarsa na tsallake. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa zan saya masa ko ta awon jini?"

Ta awon jini, ta dantse ba ta wuyan hannu ba, irin su Omron, ka duba kwalin ka tabbatar tana da alamar da ke nuna bugun da ba a jere yake ba, ka kuma auna dantsensa kafin ka saya dan in robar tayi masa kaɗan zata dinga nuna jinin ya hau alhali bai kai haka ba. Ta yatsa iskar jini aka yi ta dominta, sanyin hannu ma ruɗa ta yake. Amma tsallaken nan a shekarun Baba a kai shi ai masa ECG cikin satin nan, akwai rikicewar bugu da ake kira AF da ke sa jini ya daskare a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, in an gano ta akwai maganin da ke tsinka jini da likita zai ɗora shi a kai. In zaku je ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ku tafi dasu, har na gargajiyan.