Gabana yana ta faɗuwa ba dalili

Tambaya: Salam Anti, daga Ƙofar Marusa nake a Katsina. Wata 3 ke nan gabana na faɗuwa, ko waya ta yi ƙara sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, barci ya ƙaurace mani, a gida an ce iska ne.

Amsa: Wa alaikumussalam ɗiyata. Wannan ya yi kama da ciwon fargaba, jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin kamar kura ta biyo ki alhali kina zaune bisa tabarma, shi ke kawo bugun zuciyar da zufa da murɗar ciki, wasu har numfashi ya riƙa sarƙe masu. Addu'a kam kar ki bari, amma ki je asibiti a auna ki don ƙarancin jini ma yana sa haka. Shayin dare kuma ki rage.