Tirela mai kaɗa jela: amsar maigida ga yaron gareji

Ka tambaye ni, tunda motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwar da ke taka birki da kanta in tirela ta fara rawa, ko akwai sauran amfanin kan nan mai nauyi na bakin wuyan tirela, wanda ke damƙe ƙwallon ja na bayan mota don hana ta rawa, ko a cire shi kawai a sa na gargajiya. Na san ba daga kanka maganar ta fito ba. Direban farar motar nan da ta jawo ɗakin tafi-da-gidanka na masu aikin hanya ne ya zuga ka, kai kuma ka leƙa waya ka ga Bature na murmushi a bidiyo, shi ke nan magana ta zauna. Da wani abu ka tambaya, da na ce tafi ka wanke sifana. Amma wannan ta taɓa mini inda ke ciwo, don haka buɗe kunnenka.

Na'urar da yake taƙama da ita ba sabuwa ba ce. Tun 1995 Mercedes da Bosch suka fito da ita da sunan ESP, Toyota na kiran tata VSC, a Turai kuma tun ƙarshen 2014 ba a sayar da sabuwar ƙaramar mota sai da ita, sai dai sashen da ke lura da rawar tirela daga baya aka ƙara mata shi. Akwai sensa da ke jin yadda jikin mota ke juyawa, akwai wata a sitiyari, akwai ɗaya a kowace taya. In ƙwaƙwalwa ta ga sitiyari a miƙe amma mota na lilo hagu da dama, sai ta rage wa inji wuta, ta riƙa taɓa birkin taya ɗaya-ɗaya har abin ya lafa. Ban raina aikin ba. Amma ka ji abin da na ce: sai ta ga mota na lilo. Sai rawa ta riga ta fara, har ta yi ƙarfin girgiza motar da ke gaba. Kuma tayoyin mota kaɗai ke hannunta, na tirela ba ta san da zamansu ba.

Wannan ma a motar da komai nata ke lafiya ke nan. Mota nawa ke shigowa Damagaram daga Kwatano da fitilar ABS, na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki, a kunne? In ABS ta mutu, ita ma waccan ta bi ta, don sensa ɗaya suke ci. Masu wayarin na yanzu kuwa ba gyara suke ba, ƙwan fitilar suke cirewa, mai mota ya tafi yana murna. Sa'annan yawancin motocin Turai sai an haɗa soket ɗin tirela ta akwatinsa na musamman kafin mota ta san tana jan wani abu. Mu nan yaro zai feɗe wayar fitilar baya ya ɗaura, ya naɗe da leda, sigina ta kama, ya ce an gama. Tsofaffin Land Cruiser na daji da Hilux da suka cika tasha kuwa, yawancinsu ba su taɓa jin labarin wannan na'ura ba.

Shi kan da ka raina, irin na AL-KO ko Winterhoff, duk na Jamus, a cikinsa akwai 'yan ƙananan lainin irin na birki. In ka danna hannunsa ƙasa sai su matse ƙwallo. Tirela za ta juya a kwana, amma ba za ta yi ta wasa yadda ta ga dama ba. Ƙaramar rawa tun tana jaririya yake shaƙe ta. Ba ruwansa da batir, ba ruwansa da fis. Sai dai in rawa ta yi girma, shi ma kallo zai yi. Akwai na uku da AL-KO ke kira ATC, akwati ne a ƙarƙashin tirelar kanta, in ya ji lilo sai ya ja birkinta, ta miƙe a bayan mota. A cikin kayan lantarki shi na fi ganin girmansa, amma yana son soket mai fil 13 da wuta a kai kullum, abin da masu ledar nan ba za su iya ba.

To amsarka: kada ka cire komai. Mai duka biyu, ƙwaƙwalwar mota da kai mai damƙa, ya ji daɗi. Amma ko ukun ka haɗa, in lodi ya lalace, aikin banza ne, kuma a nan ne labarina yake.

Bayan buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, kuɗi suka ɗan motsa a garin nan, kowa ya zama ɗan kwangila. Wani Alhaji, ba zan kama suna ba, Allah ya san shi, ya sayo tsohuwar tafi-da-gidanka daga Kwatano don ma'aikatansa su riƙa kwana a ciki a wajajen Tanut. Ta iso kamar an tono ta. Tayoyi sun tsattsage, birkinta ya ci tsatsa ya ƙame, wuyanta ya tanƙware, kan haɗi kuwa sai kwaram-kwaram. Duk garin aka ce masa ya zo wurina. Ya zo da babbar riga da ƙamshin turare, yana "Maigida, ai kai ne uban ƙarfe, yi mata duk abin da ya dace, in an biya ni kwangila kai ne farko." Na miƙe wuya, na sake walda daga tushe, na kwance birki na tayar da shi. Na ce masa hanyar Tanut iska gare ta, ga tankoki, a sa kai mai damƙa. Ya ce a sa. Kuɗi fa? Sai an biya kwangila. Babur ɗina na sayar, na aika aka sayo kan sabo fil a kwali, da ƙwallonsa, da tayoyi biyu.

Ranar da zai ɗauka, a gabansa da gaban direbansa na ɗora bakin wuya a kan sikeli na nuna musu. Tirela mai kilo 1,200, abin da ya kamata ya danna ƙwallo kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari ne, wato kilo 60 zuwa 84. Na ce kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, daidai kan tayoyi. Na ce bayanta ko buta kada a rataya. Na kama hannun direban na ɗora a kan ƙwallo na ce, "Ka ji shi a bushe? Haka zai zauna. Giris haramun ne a nan." Ya ce to Baba. Alhaji na can yana waya.

Ashe suna fita daga wurina wani mai walda na bakin titi suka nufa, irin masu karɓar jika biyu su liƙa maka komai a jikin komai. Ya ƙera musu kanta a gindin tirela, suka ɗora janareta da duro cike da ruwa. Kai da ka yi lakwal, yi lissafi. Duro lita 200 ne, kilo 200 ke nan ban da ƙarfensa. In yana mita 2 bayan tayoyi, ƙwallo kuma na mita 4 a gabansu, ya ɗage kilo 100 daga wuya. Nauyin da na auna gaba ɗaya ya tafi, har da bashi, ba a ma sa janareta a lissafi ba. Ka taɓa ganin amalanken da aka jibga wa buhuna a baya har jaki ya tashi sama yana harba iska? Abin da suka yi wa gindin motarsu ke nan. Direban kuma ya ji kan na ƙara a kwana, abin da ƙura ke sawa, sai tausayi ya kama shi, ya debo giris da yatsa ya shafe ƙwallo tas.

Sun wuce matata kaɗan, a 'yar gangara, tanka ta zo ta gifta su. Iskarta ta tura tirela gefe, ta dawo, ta sake tafiya fiye da na farko. Direba ya ruɗe ya danna birki har ƙasa yana kokawa da sitiyari. Tirela ta kwanta, ta juya gindin mota ta jefa ta rami. Allah ya kiyaye rai, sai yaron mota da ya karye a hannu.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwar Dole: waldar wane ta balle, ta kusa kashe mutane. Ni! Na ɗauki hayar mota da kuɗina na je wurin. Jikin tirela ya tarwatse, ai katako ne da falle-fallen gwangwani, katifu da tukwane a warwatse cikin ƙaya. Wuya ya murɗe, amma waldata ko tsaga babu, ko gashi. Kantar ɗan jika biyu ce ta yage, duro ya gangara can nesa ya fashe. Na zura yatsa cikin kan, na fito da shi baƙi ƙirin, giris ya cuɗe da jan yashi ya zama kamar kwaɓi. Na ɗaga yatsan na nuna wa jandarman da ke tsaye, na nuna wa direba. Ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya ce shi bai san giris ba, abin da ya sani an ce masa in an sa ƙarfen nan tirela ba ta faɗuwa, ga ta kuwa a ƙasa. Wa ya ce masa haka? Ba ni ba. Muka je gaban mai unguwa, dattawa suka taru, aka sha shayi, aka ce dukanku kun yi asara, a yi haƙuri, a bar wa Allah. Shi ya yi asarar abin da ya lalata da hannunsa, ni na yi asarar babur da guminna, aka auna mu a mudu ɗaya. Ko dala bai ba ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, har damina ta zagayo masu tankin ruwa da masu jan janareta suna kai aikinsu wani wuri, a garin da mutane da yawa ke sayen ruwa. Har yau muna haɗuwa a sallar Juma'a, ya miƙo hannu yana "Maigida, ina gajiya." Kan da kake gani rataye a ƙusa bayan injin walda shi ne. Da gangan ban wanke shi ba. Daga ranar kuma ko limamin unguwa ne, sai ya ajiye kuɗin kaya kafin in kunna wuta.

Yadda ake haɗa tirela, da wayar tsaro da ke jan birki in ta balle, da duba sigina, ba zan ɓata bakina ba. Wanda bai san wannan ba ya koma tallan goro. Abin da ba ku sani ba ku yaran yanzu shi ne auna abu. Komai sai ku ce "ya yi" da ido. Ƙwallon Turai milimita 50 ne, in ya cinye ya sauka ƙasa da 49, jefar da shi. Motocin Amurka na zuwa da mai inci 2, wato 50.8, ba zai zauna daidai ba, sai ka ga ƙato na dukan kai da guduma. Akwai kuma ƙaraminsu mai 47.6, shi ne mugun, don zai shiga salin-alin, ya fita a ramin farko. Sabon ƙwallo mai fenti, goge fentin da samfefa mai laushi sai ƙarfe ya fito. In giris ya taɓa lainin, canza su. Akwai alama kore da ja a jikin kan da ke gaya maka in sun cinye, ga mai ido. Ƙurar hunturu na cin su da wuri fiye da yadda takardar kamfani ta zata, don haka goge ƙwallo da tsumma kafin kowace tafiya.

Wani wayo da za ka gani: mutum ya sa nauyi a baya, sai ya sa wani a can gaba don sikeli ya daidaita. Sikeli zai ce lafiya, hanya za ta ce ƙarya ne. Nauyi a baki biyu, in ya fara juyawa, tsayar da shi sai Allah. A tsakiya ake tara shi. In za ka auna kuma, ɗora katako a kan sikelin masu wake, bakin wuya ya zauna daidai tsayin ƙwallo, kamar santimita 35 zuwa 42 daga ƙasa. Turawan Ingila na ba sabon direba shawara kada tirela da lodinta su wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar da ke ja, kuma ban ga abin gyara a maganarsu ba. Duba shekarun taya: lamba huɗu ce a gefe, 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Tayar tirela ba gudu ke kashe ta ba, zama a rana ne, kuma ka san ranar Damagaram. In ta haura shekara biyar, ko zanenta na nan kamar sabuwa, ni ba na yarda da ita.

Sai gudu. Jamus da ke da titi kamar tabarma, kilomita 80 a awa suka yanke wa mai jan tirela, 100 sai da takarda ta musamman. Nan kuwa yaro zai kama hanyar Gure ko ta Takeita, ga rami, ga bakin kwalta a ciccinye, ga jakuna, yana 110 yana danna waya. In rawa ta kama ka, ɗage ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ka bi ta kana gyarawa don kullum za ta riga ka, kada ka danna birki da ƙarfi. Bari gudu ya mutu da kansa, ka sauka gefe, ka sake lodi. Gangara kuwa tun daga sama ake rage giya. Za ka ji wasu a tasha na cewa in ta fara a ƙara wuta, wai sai ta miƙe. Wanda ya faɗa maka haka, turo mini shi gareji, ina da abin da zan nuna masa, kuma ka ce ya zo da direban farar motar.