Tambayoyinku: kan jirgina na dijital ya ƙi yin hon, ina matsalar take?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da wannan mako. Yau tambayoyin sun karkata kan ƙananan jiragen ƙasan nan da ake shimfiɗa musu layi a kan tebur, masu fitila da ƙarar inji irin na gaske. Masu wannan sha'awa ba su da yawa a Kaduna amma akwai su, kuma tunda yanzu har da waya ake tuƙa su, to ƙwallon ta faɗo gidana kenan.

Malam, yayana ya aiko min da kan jirgi mai sauti daga Ingila, har da rimot ɗinsa. Yana tafiya lafiya lau, fitila na kamawa, amma shiru kake ji. Ko sipikar ta mutu a hanya? Daga Unguwar Rimi.

Ɗan'uwa kar ka kwance komai tukuna. Tsarin nan sunansa DCC, kamfanin Lenz na Jamus ne ya ƙirƙiro tushensa, daga baya ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ƙa'idar da kowa ke bi. Wuta kullum tana kan layin, a cikin wutar nan ɗin ake cusa saƙo, sai wani ɗan guntun allo da ke cikin kan jirgin, dikoda, ya tsinci saƙon da ke ɗauke da lambarsa. Sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa. To abin da mutane ba sa ganewa shi ne rimot ɗinka bai san hon ba, bai san ƙararrawa ba, abin da yake faɗa kawai shi ne "lamba 3, kunna F2", wato ɗaya daga cikin maɓallan rimot ɗin, ita dikodar ce ke da ikon cewa F2 usur ne ko birki ne ko ma ba komai.

F0 kusan ko'ina fitilar gaba ce, shi ya sa taka ta kama. Amma sauti sai ka tashe shi da kanka. A yawancin jiragen Ingila da na Turai F1 ke kunna sautin gaba ɗaya, idan ba ka danna shi ba sauran maɓallan na iya yin gum. Na Amurka kuwa F1 ƙararrawa ce, F2 hon, sannan F8 shi ke tada inji a dikodar kamfanin ESU, a ta kamfanin SoundTraxx kuma shi ke rufe bakin sautin. Ka ga maɓalli ɗaya, aiki biyu masu karo da juna. Ka duba cikin kwalin akwai 'yar takarda mai jerin F0 zuwa sama, wallahi ita ce ta fi komai daraja a kwalin nan, ka ɗauki hotonta a waya ka ajiye. Bayan ka danna F1 ka ɗan jira, injin dizal sai ya yi ƙugin tashi kafin ya daidaita.

Tunda daga Ingila ne adaftarsa za ta ɗauki wutarmu ta 230. Wanda nasa daga Amurka yake ya karanta jikin adaftar, in 110 kaɗai aka rubuta kar ya kuskura ya jona.

Ni kuma nawa in na danna hon ba ya tsayawa sai na sake dannawa, har maiɗakina ta ce ko ni ko jirgin. Daga Kawo.

Ka ba Hajiya haƙuri, gyaran minti biyu ne. Maɓallan iri biyu ne, akwai mai maƙalewa wanda in ka danna ya kunnu sai ka sake dannawa ya mutu, shi ya dace da fitila da ƙarar inji da ƙararrawa, akwai kuma wanda yake aiki muddin yatsanka na kai, da ka ɗaga ya saki, wannan shi hon yake so, don da shi ne za ka iya ja dogo ka ja gajere yadda direba ke yi in ya doso mararraba. A manhajar Z21 ta tuƙa jirgi da waya, kowane maɓalli kai ke zaɓa masa halinsa. In da manhajar JMRI kake aiki a kwamfuta, ka buɗe bayanan kan jirgin, shafin sunayen maɓallai, ka cire alamar da ke ƙarƙashin Lock a layin F2.

Batun ƙara kuma a CV ake rage shi, wato ƙananan ma'ajiyar saiti da ke cikin dikodar. A dikodar LokSound ta ESU CV63 ne, a ta SoundTraxx CV128, a ta kamfanin Zimo CV266. Ka karanta lambar da ke ciki ka rubuta a takarda kafin ka canza, sai ka rage rabi. Ni a ganina ma sautin ya fi daɗi a ƙasa-ƙasa, sipika ƙarama in aka ƙure ta sai ta dinga karkarwa. In ka dagula lissafi, sa 8 a CV8 yana mai da dikodar ESU ko SoundTraxx yadda ta fito daga kamfani, lambarta ma ta koma 3. Amma fa ka sauke sauran jiragen daga layin saiti, wato layin da kake ɗora jirgi ka canza CV, don duk wanda ke kai zai karɓi canjin.

Sautin yana ɗaukewa a tsakiyar tafiya, sai inji ya sake tashi daga farko.

Wannan datti ne, ba saiti ba. Wutar ce ke yankewa na ƙiftawar ido, motar lantarkin da ke juya ƙafafun jirgin tana wucewa da ƙarfin gudunta amma dikodar sauti sai ta ɗauka an kashe ta an kunna. Ga hunturu ga ƙurar Kaduna. Samu farin tsumma ka ɗiga masa sifirit ka goga a kan ƙarfen layin, za ka ga layi biyu baƙi ƙirin sun fito a jikinsa. Sai ka shimfiɗa tsumman a kan layin, ka ɗora rabin ƙafafun jirgin a kai rabi a kan ƙarfe, ka riƙe shi a hankali ka ba shi wuta ƙafafun su juya su goge kansu. Banda samfefa, tana karce ƙarfen dattin ya samu wurin zama. In ya ci gaba, musamman a wajen mahaɗar layi, sai a ƙara masa kafasita mai riƙe wuta, mai gyaran waya da hannunsa ya faɗa zai iya haɗa maka in ka ba shi zanen wayoyin.

Zan iya tuƙawa da wayata ba tare da sayen rimot mai tsada ba? Daga Barnawa.

Ƙwarai. DCC-EX manhaja ce ta kyauta, a kan ɗan allon kwamfuta mai suna Arduino Mega ake ɗora ta, a haɗa da allon da ke ba layin wuta da na WiFi, sai ka sauke manhajar Engine Driver in Android ce, WiThrottle in iPhone ce. In kana danna F2 ba amsa, kashe datar wayar, don Android in ta ga WiFi ba intanet tana iya sulalewa ta koma data ba sallama.

Ina son hon ɗin jirgin Abuja na Rigasa a nawa, zai yiwu?

Zai yiwu, amma ba a kowace dikoda ba. Da LokSound da na'urarsu LokProgrammer za ka iya cusa sautin da ka naɗa da kanka ka ɗaura shi a maɓallin da kake so. Wahalar tana wajen yanka, hon ɗin sai an raba shi uku, farko da tsakiyar da za ta dinga maimaituwa muddin kana danne da maɓalli, sai ƙarshe, in tsakiyar ba ta haɗu sumul ba za ka ji ƙas-ƙas duk zagaye. Manhajar gyaran sauti ta Audacity ta isa wannan aikin kuma kyauta ce. Ka naɗa daga ɗan nesa don a kusa makirfon waya ba ya iya ɗaukar ƙarar, sautin fashewa yake, sannan ka nemi izinin jami'an tsaron tashar kafin ka ɗaga waya.