Gardamar Triniti a ɗakin shayi, ga biza a hannun masu gida

Tambaya: Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Bamingham ta Ingila, kuma masu gidan ne suka tsaya mini a biza. Ran nan lokacin hutu na tambayi wata abokiyar aikina Kirista yadda ɗaya da ɗaya da ɗaya za su zama ɗaya. Gardama ta yi zafi har ta fashe da kuka, ta kai ƙarata, manaja ta ba ni takardar gargaɗi. Kawuna a Kano ya ce kada in fasa, wai shiru ragwanci ne. Wani ejan kuma ya ce in kawo fam 6,000 ya samo mini wani wurin. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanena, lissafin da ka kai mata ba yau Kirista suka fara jin sa ba. Ba su cewa alloli uku suke bauta wa. Abin da suke cewa shi ne zati ɗaya ne, amma Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kowane daban yake da ɗan'uwansa, wato Triniti ke nan. A kan wannan malamansu suka taru a garin Nikiya a shekara ta 325 don raba gardama da Ariyus, wani malamin coci da ya ce Ɗa halitta ne, suka sake zama a Kustantiniya a 381. Mu Musulmi ba mu yarda ba, aya ta 171 a Suratun Nisa'i ta ce kada ku ce uku. Amma abin da aka shekara fiye da 1,600 ana ja a kai, kai ne za ka ƙare shi a hutun minti goma sha biyar, da kofin shayi a hannu, da matar da ta kwana tana juya tsofaffi a gado?

Kawunka kuwa, Allah ya ƙara masa girma, bai yi maka adalci ba. Yana zaune a inuwa yana tura maka bidiyo ta WhatsApp, ƙarshen wata kuma shi ne zai fara tambayar kuɗin makarantar yara. Karanta masa aya ta 46 a Suratul Ankabut, wadda ta hana jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Sa mace kuka ba ya cikin wannan. In muhawarar ce ke cin ransa, ya zo dandalin Hyde Park a Landan ranar Lahadi, akwai lungun da aka ware don haka.

Dokar daidaito ta 2010 ta kare addininka a wurin aiki, ta kuma kare nata daga tsangwama. In aka sallame ka, masu gida za su sanar da hukumar shige da fice, a rage maka biza, yawanci zuwa kwana 60. Ka san sauran.

Shi kuwa ejan, toshe lambarsa yau. Takardar ɗaukar nauyi, wadda masu gida ke bayarwa don neman biza, ba kayan sayarwa ba ce. Na ga wanda ya sa aka sayar da filin gado ya biya, ya je adireshin ya tarar da shago a kulle, ba tsoho ko ɗaya.

Gobe ka rubuta wa manaja gajeren saƙo cewa ka karɓi gargaɗin, ba za a sake ba, ka ajiye kwafi. Ita kuma ka ba ta haƙuri kan yadda ka yi mata magana, ba kan imaninka ba, a gaban mutum na uku. In wata rana ita ta tambaye ka me Musulmi ke cewa game da Annabi Isa, ka ce sai an tashi daga aiki.