Shafin da ke korar ruwa: inda yake aiki da inda yake ɓata aiki

Ka tambaye ni, ɗana, tunda an ce shafin da ke korar ruwa yana sa kwandansa, wato na'urar da ke mayar da tururi ruwa, ya fi fitar da zafi, me ya hana mu fesa shi a kwayil ɗin na'urar sanyaya ɗaki da muke gyarawa. Maganar gaskiya ce, amma ba a wurinmu take aiki ba.

Idan tururi ya taɓa bututu mai sanyi, hanya biyu yake bi ya koma ruwa. A kan ƙarfe tsura ruwan yakan shimfiɗe ya lulluɓe bututun gaba ɗaya. Ruwa kuwa ba ya wuce da zafi da sauri, don haka sabon tururin da ya zo sai ya tarar da shamaki tsakaninsa da ƙarfe. In an yi shafin, ruwan ba ya samun wurin kwanciya. Sai ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar raɓa a ganyen gwaza, ƙwayoyin su haɗu su yi nauyi, su gangara suna share na ƙasa da su, ƙarfe ya sake buɗewa. Tun 1930 wani masani Bajamushe mai suna Schmidt da abokan aikinsa suka nuna haka, kuma zafin da ke wucewa ta fuskar bututun yana iya ninkawa sau biyar zuwa goma.

Masu kwaɗayin wannan su ne tashoshin lantarki masu aiki da tururi, irin ta Egbin da ke Legas. Abin da ya hana su rungumar shafin shi ne rashin ƙarko. Shafi irin na Teflon, robar da ke hana abinci kamawa a tukunya, ya fi jan ƙarfe jinkirin wuce da zafi fiye da sau dubu, sai an yi shi siriri ƙwarai, ƙasa da maikuron ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), in ba haka ba ya cinye ribar. Siririn kuma tururi mai zafi yana ɓare shi. A 2015 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada garafin, wato shafin kabon mai kaurin atom ɗaya, suka samu ninki huɗu, amma a ɗakin gwaji.

To mu fa? Ɗauko kwayil ɗin can ka duba. Ka ga yadda farantan alminiyom suke a matse, da ƙyar farce yake shiga tsakani? In ruwa ya dunƙule a nan, ƙwaya ɗaya za ta kama faranti biyu ta toshe hanyar iska, fanka ta yi ta wahala, ta kuma watsa wa mai ɗaki ruwa. Shi ya sa kamfanoni suke yin akasin haka. Shuɗin launin nan da kake gani shafi ne mai son ruwa, yana shimfiɗa shi ya zarce cikin tire.

Gas ɗin sanyi da ke cikin bututu kuma, kada ka sa rai shafin zai yi aiki a kansa. Ba ya dunƙulewa kamar ruwa, kusan komai ya taɓa sai ya jiƙa shi.

In ka zo wanke kwayil, ruwa da buroshi mai laushi sun isa. Kada ka kusance shi da asid ko soson ƙarfe, za ka kankare shuɗin.